Shin kuɗin da Amurka take zubawa a sararin samaniya asara ne?

"Malam, barka da warhaka. Ina yawan sauraron muhawarar 'yan siyasar Amurka, wasunsu suna cewa gwamnatin tarayya ta cika girma, ta tsoma hannu a abin da ba nata ba, bashi kuma ya yi mata katutu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ƙasar da ake bi bashi haka, ga marasa gida suna kwana a bakin titi, me ya sa take kashe biliyoyin daloli wajen tura kumbo duniyar wata da Mars? In da gaske suke son rage kashe kuɗi, ba daga nan ya kamata su fara ba?"

Barka kadai, ɗan'uwa, Allah ya ƙara basira. Tambayarka guda ce a baki, amma in an warware ta za a tarar da biyu a ƙulle. Ta farko lissafi ce: kuɗin da ake ba NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, yana da yawan da in an janye shi bashin Amurka zai ji a jikinsa? Ta biyu ta aƙida ce, kuma ita ta fi nauyi: ko kuɗin kaɗan ne ko mai yawa, aikin gwamnati ne ta karɓi harajin direban babbar mota a jihar Ohio ta sayi na'urar hangen taurari da shi? Na daɗe ina koyar da darasin kuɗin gwamnati, kafin nan kuma na zauna a kwamitin tsara kasafi, don haka ta wannan ƙofa zan shigo maka.

Wake ɗari a kan tebur

Duk shekara in mun iso wannan babi nakan shiga aji da ƙwayar wake ɗari a ƙulle a leda. Sai in zube su a kan tebur in ce wa ɗalibai wannan shi ne duk abin da gwamnatin tarayyar Amurka ta kashe a shekara, wani ya taso ya ware mini kason NASA. Yawanci sukan ja goma, wasu har ashirin, domin a labarai roka suke gani tana tashi da wuta da hayaƙi, abin da ido ya gani kuwa shi ke zama babba a zuciya. Sai in mayar da waken, in ɗauki ƙwaya ɗaya, in sa reza in raba ta biyu, in ce ko wannan ɓarin ya ɗara kason nasu.

A shekarar kuɗi ta 2024 gwamnatin tarayyar Amurka ta kashe kimanin dala tiriliyan 6.75. NASA ta samu dala biliyan 24.9. Wato a kowace dala ɗari, abin da ya je sararin samaniya bai kai santi 40 ba. Sauran waken fa? Sama da ashirin sun tafi fanshon tsofaffi da nakasassu. Wasu sama da ashirin sun tafi shirye-shiryen lafiya biyu, Medicare na tsofaffi da Medicaid na masu ƙaramin ƙarfi. Kusan goma sha uku sun tafi soja. Wasu goma sha ukun kuma kuɗin ruwan bashi ya cinye su, wajen dala biliyan 880, kuma a wannan shekarar kuɗin ruwan ya ɗan zarce abin da aka kashe wa tsaro. In ka raba shi kwana-kwana, za ka ga kasafin NASA na shekara guda cur kusan kuɗin ruwan kwana goma ne kawai. Gibin kasafin shekarar ya kai dala tiriliyan 1.8, bashin ƙasar kuma ya haura tiriliyan 36 kafin 2024 ta ƙare. Da za a rufe NASA a yau, a sallami ma'aikatanta, ramin gibin da za a cike bai fi na kwana biyar ba a cikin shekara.

Saboda haka duk ɗan siyasar da ya ce zai magance bashi ya kuma fara nuna roka da yatsa, ya bar jaki yana dukan taiki. Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne. Tsofaffi suna fita zaɓe fiye da kowa, kuma kusan kowace mazaɓa tana cin abinci daga kasafin soja. Taɓa waɗannan yana jawo faɗuwa zaɓe, taɓa tauraron ɗan'adam kuwa ba ya hana kowa barci.

An taɓa yin lokacin da kason ya yi kauri. A 1966, ana tsakiyar shirin Apollo na kai mutum duniyar wata, NASA ta cinye fiye da kashi 4 cikin ɗari na kasafin tarayya, shirin kuma gaba ɗaya ya lashe kusan dala biliyan 25 na kuɗin wancan zamani. Zuwa tsakiyar shekarun 1970 kason ya faɗo wajen kashi 1, ya ci gaba da zamewa har inda yake yanzu.

Inda masu son taƙaita gwamnati suka kafa ƙafa

Kada ka ɗauka ƙanƙantar kuɗin ta kashe maganar. Mai aƙidar gwamnati ta tsaya a iyakarta zai ce maka ƙaramin abu da ba hurumin hukuma ba ne har yanzu ba huruminta ba ne, kuma tarin ƙananan ne ya haifi dutsen bashin. Wannan hujja tana da tushe a tarihinsu. Kundin tsarin mulkin Amurka ya jera ikon Majalisa ɗaya bayan ɗaya, kamar haraji da tsaro da gidan waya da buga kuɗi, sannan gyara na goma da aka yi a 1791 ya ce abin da ba a ba tarayya ba na jihohi ne ko na jama'a. James Madison, wanda ake kira uban kundin, ya riƙe wannan da ƙarfi har a watan Maris na 1817, yana dab da barin mulki, ya ƙi sa hannu a dokar gina hanyoyi da magudanan ruwa, ba don yana ƙin hanyoyin ba, sai don bai ga inda kundi ya ba tarayya wannan iko ba. Alexander Hamilton kuwa, sakataren kuɗin Amurka na farko, tun farko yana ganin izinin kashe kuɗi domin amfanin jama'a baki ɗaya yana da faɗi. Kotun Ƙoli ta bi bayan Hamilton a hukunce-hukuncen 1936 da 1937, a kan wannan ne fanshon tarayya ya tsaya, a kansa kuma NASA ta tsaya da Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar kafa ta a 1958, shekarar da ta biyo bayan Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko.

Akwai abin da nake so ka riƙe. Shugaba Thomas Jefferson, wanda masu wannan aƙida suke ɗauka a matsayin jagora, shi ne a 1803 ya roƙi Majalisa dala 2,500 domin tura Lewis da Clark su ratsa yammacin nahiyar har bakin teku, su zana taswira, su rubuta tsirrai da dabbobi da koguna. Wato tun a zamanin waɗanda suka fi kowa tsoron gwamnati mai girma, an yarda bincike irin wannan yana cikin abin da hukuma za ta ɗauki nauyi. Masanin tattalin arziki Adam Smith ma, da ya lissafa ayyukan hukuma a 1776, bayan tsaro da shari'a ya ƙara na uku: ayyukan da al'umma ke amfana da su ƙwarai amma ribarsu ba za ta taɓa mayar wa mutum ɗaya ko 'yan kaɗan kuɗinsu ba.

Wannan ma'auni na uku shi nake amfani da shi, domin na masu taƙaita gwamnatin ne da kansu. In ɗan kasuwa zai yi abin da kuɗinsa don riba, gwamnati ta cire hannu. In ba mai yi sai ita, kuma amfanin na kowa ne, to nata ne. Da zarar ka ɗora NASA a kan wannan sikeli za ka ga ba abu guda ba ce, wani sashe ya haye, wani ya faɗi warwas.

Abin da ya haye

Fara da taurarin da suke kallon ƙasa. Na farko mai duba yanayi, TIROS-1, ya tashi a 1960. Landsat ya fara ɗaukar hoton gonaki da dazuka da tafkuna a 1972 kuma har yau jerin bai yanke ba. Labarin Landsat ya fi kowanne koyar da darasi, domin an gwada masa maganin kasuwa. A tsakiyar shekarun 1980 aka miƙa shi ga kamfani, farashin hoto guda ya haura zuwa dubban daloli, jami'o'i da ƙasashe matalauta suka kasa saya, masu bincike suka ja baya. A 1992 Majalisa ta yi dokar dawo da shi hannun gwamnati, a 2008 kuma aka buɗe hotunan kyauta ga kowa, amfani da su ya ninka ba adadi. Mu ma nan abin ya taɓa mu. Hotunan Landsat tun daga 1973 suna cikin manyan shaidun yadda Tafkin Chadi ya janye, kuma cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tana dogara da bayanan taurarin ɗan'adam wajen bin sawun damina da kiwo a yankin Sahel. Manomin gero ba zai taɓa biyan kuɗin wannan hoto ba, amma gargaɗin fari da ya iso da wuri yana iya zama abin da ya tsare masa rumbu.

Sai kare duniya daga duwatsun sama. A watan Fabrairun 2013 wani dutse ya fashe a saman birnin Chelyabinsk na Rasha, tagogi suka tarwatse, mutum kusan 1,500 suka ji rauni. A watan Satumban 2022 NASA ta auna wani dutse mai suna Dimorphos da kumbon DART, ta buge shi da gangan, ta rage lokacin da yake ɗauka yana kewaya wani dutse da ya fi shi girma da fiye da rabin awa. Aikin bai kai dala miliyan 350 ba. Wane kamfani ne zai yi wannan, wa zai aika wa takardar biya? Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma in akwai abin da ya cancanci a kira tsaro, wannan ne.

Na'urar hangen nesa ta James Webb ta fi wuyar karewa, gaskiya. Ta makara shekaru da yawa, kuɗinta ya kumbura har kusan dala biliyan 10, a 2011 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya nemi a soke ta. Ta tashi ranar 25 ga Disamban 2021, tana can nisan kilomita miliyan 1.5 tana aiko da hotunan taurarin da haskensu ya baro su tun farkon halittar sammai. Ba ta ciyar da kowa. Amma irin wannan ilimi ba mai sayensa a kasuwa, kuma in aka raba kuɗin a kan shekaru sama da ashirin da mutum fiye da miliyan 300, abin da ya hau kan kowane Ba'amurke a shekara bai kai dala biyu ba. Ni ina ganin ya cancanta. Abin da ban yafe ba shi ne yadda aka faɗa wa Majalisa ƙaramin farashi tun farko don aikin ya samu shiga.

Abin da ya faɗi

A nan ne masu sukar suke da gaskiya, kuma ban ga amfanin ɓoye ta ba. A 2010 Majalisa ta umurci NASA ta ƙera babbar roka, SLS, ta kasance a shirye kafin ƙarshen 2016. Ba ta tashi ba sai Nuwamban 2022. A shekarar ne babban mai binciken kuɗi na hukumar, Paul Martin, ya shaida wa Majalisa cewa kowane tashi guda na farkon shirin Artemis na komawa duniyar wata, in an haɗa roka da kumbon Orion mai ɗaukar mutane da kayan ƙasa, zai ci wajen dala biliyan 4.1, ya kuma ce farashin ba mai ɗorewa ba ne. Injuna huɗun da ke ƙarƙashinta irin na tsohon kumbon Shuttle ne, waɗanda aka ƙera don a yi ta maimaita amfani da su, yanzu kuwa tashi ɗaya ake jefar da su a teku.

Ruwa ba ya tsami banza. Kwangilar irin wadda ake biyan ɗan kwangila duk abin da ya kashe ne sannan a ɗora masa riba, don haka jinkiri ba ya cizonsa. Ayyukan kuma an barbaza su a jihohi da yawa, cibiyar shirin tana Huntsville a jihar Alabama, jihar Sanata Richard Shelby da ya daɗe yana da ƙarfi a kwamitin rabon kuɗi kafin ya yi ritaya a 2023. Na san wannan cuta da idona. Lokacin da nake kwamitin kasafi, akwai wani gini da aka kawo mana sau uku a shekaru uku, kowane zuwa da ƙarin farashi. Na je wurin da kaina, na tarar da ginshiƙai tsaye, rodi ya yi tsatsa, akuya tana kwance a inuwar bulo. Da na ce a dakata a sake tallata aikin, amsar da na samu ita ce an riga an kashe da yawa, ba a komawa baya, kuma mutanen mazaɓar wane suna aiki a wurin. Hujjojin nan biyu su ne dai ake karantawa a Washington, sifilin da ke bayan lambar ne kawai ya fi yawa.

Kwatanta da ɗaya hanyar. Bayan an ajiye Shuttle a 2011, Amurka ta koma sayen kujera a kumbon Soyuz na Rasha, farashin kujera ɗaya har ya haura dala miliyan 80. A 2014 NASA ta ba kamfanoni biyu kwangila mai ƙayyadadden farashi, Boeing dala biliyan 4.2, SpaceX biliyan 2.6, kowa ya ƙera abinsa, hukuma ta sayi kujera kamar fasinja. SpaceX ta kai 'yan sama jannati tashar sararin samaniya a watan Mayun 2020. Boeing ta yi ta tuntuɓe, har mutum biyun da kumbonta ya kai a Yunin 2024 sai a Maris na 2025 suka dawo a kumbon SpaceX. Amma duba bambancin: asarar da ta haura dala biliyan 1.5 kamfanin ne ya haɗiye ta, ba mai biyan haraji ba.

Sai dai kada wani ya ce maka wannan ya nuna kasuwa kaɗai ta isa. A ƙarshen 2008 SpaceX tana bakin durƙushewa, kwangilar dakon kaya ta dala biliyan 1.6 daga NASA ce ta tsayar da ita da ƙafafunta. Gwamnati ta zama mai saye maimakon mai ƙerawa, ba ficewa ta yi ba.

Hujjar da ba na so a riƙa kawowa

Masoya NASA sukan ce ai daga can aka samo kaza da kaza na amfanin gida. Wasu gaskiya ne, kamar fasahar idon kyamarar da ke wayarka, wadda aka inganta a JPL, ɗakin binciken NASA, a shekarun 1990. Wasu kuwa ba haka ba ne. Teflon tun 1938 aka gano shi, shekara ashirin kafin a kafa NASA. GPS ma aikin sojan Amurka ne. Ko da duka gaskiya ne, hujjar tana da rauni, domin in kyamara kake so, ka ba masu binciken kyamara kuɗin kai tsaye, ya fi arha. Haka batun samar da ayyukan yi: kowace dala da gwamnati ta kashe tana ɗaukar wani aiki, kuma daga aljihun wani aka ciro ta.

Tura mutum da kansa kuwa, asalinsa siyasa ce. A wata ganawa da aka naɗa a Nuwamban 1962, Shugaba Kennedy ya faɗa wa shugaban NASA a fili cewa sararin samaniya bai dame shi sosai ba, abin da yake so shi ne a riga Sobiyet kai mutum duniyar wata. Yau China ce ta maye gurbin, ta saukar da na'ura a bayan wata a 2019, ta kwaso ƙasa daga can a 2024, tana kuma shirin kai mutum kafin 2030. Na'ura tana yin yawancin binciken da arha kuma ba a yi mata jana'iza, alhali hatsarin kumbunan Challenger a 1986 da Columbia a 2003 kowanne ya tafi da rai bakwai. Martabar ƙasa abu ne na gaske, amma ba ta hawa sikelina. Nawa ta cancanta, Amurkawa ne za su yanke a akwatin zaɓe, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Iyakar aikin mai lissafi ya faɗa musu farashin ba tare da rufa-rufa ba.

Maganar marasa gida

Ba kai ka fara yin wannan tambaya ba, kuma wanda ya riga ka mutum ne mai daraja. Ranar 15 ga Yulin 1969, ana gobe Apollo 11 zai tashi, Ralph Abernathy, magajin Martin Luther King a fafutukar 'yancin baƙar fata, ya iso ƙofar filin harba roka a Florida da iyalai matalauta da alfadarai suna jan amalanke, ga roka tana tsaye can nesa. Ya ce ƙasar da ke iya wannan ba ta da uzurin barin 'ya'yanta da yunwa. Shugaban NASA, Thomas Paine, ya fito ya same su a fili, ya ce da ƙin danna maɓallin gobe zai warware waɗannan matsaloli, da ba za su danna ba, sannan ya gayyace su kallon tashin.

Ina ganin dukansu biyu gaskiya suka faɗa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, wannan ba musu. Amma bayan Apollo 11 an datse kasafin NASA sosai, an soke tafiya uku zuwa wata, kuma ba wata doka da ta ce abin da aka rage a kai wa mayunwata. Rashin gida a biranen Amurka ya fi alaƙa da tsadar haya, da dokokin birane masu hana gina gidaje da yawa, da taɓin hankali da shaye-shaye da ba a kula da su ba. Yawancin waɗannan a hannun jihohi da birane suke.

Da za a ba ni alƙalamin, zan bar jimillar kuɗin kusan yadda take, in tsare kimiyya da taurarin kallon ƙasa da farautar duwatsun sama, in daina ƙera roka da kuɗin hukuma tunda akwai masu sayarwa, in kuma hana kwangilar biya-duk-abin-da-aka-kashe sai a kan abin da ba a taɓa ƙerawa ba. Abin da ya faru a 2025 ya nuna yadda wannan yake da wuya. A watan Mayu Fadar White House ta nemi a rage kasafin NASA da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, zuwa dala biliyan 18.8, a zaftare kusan rabin kuɗin kimiyya, a kuma yi ritayar SLS bayan tashi na uku. Kafin a kai ga batun kimiyyar, a watan Yuli, Majalisa ta saka kusan dala biliyan 10 na musamman a babbar dokar haraji bisa jagorancin Sanata Ted Cruz na Texas, jihar da cibiyar 'yan sama jannati take, kuma biliyan 4.1 daga ciki na ƙarin rokokin SLS ne guda biyu.